Shingen Bishiyoyi da Dusar Ƙanƙara: Me Ya Sa Ake Dasa Su Can Cikin Gona, Nesa da Titi?

A farkon watan Oktoban 1970 aka buɗe wani sabon yanki na babbar hanyar I-80 a jihar Wyoming ta Amurka, mai tsawon mil 77, daga garin Laramie zuwa mahaɗar Walcott. Ko mako guda bai cika ba dusar ƙanƙara ta sa aka rufe shi. Mutanen yankin ba su yi mamaki ba. Tun ana awon hanyar makiyaya da tsofaffin mazauna wurin suke ta faɗa wa hukuma cewa gindin Dutsen Elk ba wurin shimfiɗa titi ba ne, gara a bi ta arewa inda tsohuwar hanya da layin dogo suka ratsa. Hukuma ta hango gajarta, ta yi kunnen uwar shegu da su. Ba a daɗe ba direbobi suka laƙaba wa hanyar sunan shaƙiyanci mai kama da na hanyar Ho Chi Minh ta yaƙin Biyetnam, wanda a lokacin ake tsakiyar gwabzawa, saboda irin wahalar da suke sha a kanta.

Wanda bai taɓa zama a ƙasar sanyi ba zai ɗauka matsalar ita ce yawan dusar da ke zubowa daga sama. Wannan ai da sauƙi. Ta zubo, ta tsaya, motoci masu garma a gaba su bi su ture ta gefe, shi ke nan. Wadda ke hana ma'aikatan hanya barci ita ce wadda ta riga ta sauka ta kwanta a fili. Idan sanyi ya tsananta, dusar ƙanƙara ba ta da danshi, ba ta kama juna, sai ka ce garin tuwo. Da iska ta ɗan yi ƙarfi sai ta tashe ta, ta yi ta gangara da ita a kan ƙasa, har ta kai inda ƙarfinta ya karye ta zube ta a nan. Titi kuwa cike yake da irin waɗannan wurare: inda aka yanka tudu aka ratsa, bakin gada, ƙarafunan gefen hanya, kai har ma da tulin dusar da motar garma ta ture gefe ɗazu da safe. Sai gari ya waye tas, rana ta fito, babu abin da ya sauko daga sama, amma a share wuri a juya baya ya sake cikewa.

Toshe hanya ma ba shi ne mafi muni ba. Mafi yawan dusar da iska ke ɗauka tana tafiya ne ƙasa-ƙasa, daidai tsayin idon mai ƙaramar mota. Direban tirela da ke can sama yana iya hango gabansa, na ƙasa kuwa ko fitilar motar da ke gabansa ba ya gani, ga tirelar tana tafe a bayansa. Sannan idan rana ta ɗan ɗumama kwalta, tsabar da ke ratsawa takan narke a kai, sanyi ya sake daskarar da ita, ta zama ƙanƙara mai santsi da ido ba ya kamawa. A tsibirin Hokkaido na Japan, guguwar farkon watan Maris na 2013 ta kashe mutum 9, cikinsu har da wata uwa da 'ya'yanta uku da dusa ta binne motarsu, hayaƙin injin ya koma musu ciki.

Bayan abin da ya faru a Wyoming, hukumar hanyoyin jihar ta nemi taimakon wani masani mai suna Ronald Tabler, wanda yake aiki da hukumar kula da gandun daji ta Amurka. Asalin bincikensa ma a kan tara dusar ƙanƙara ne don a sami ruwa idan ta narke. Daga 1971 aka fara kakkafa shingayen katako bisa tsarinsa a gefen I-80, wasu tsayinsu ya kusa mita 4, kuma kusan duk ƙa'idojin da ake bi yau wajen dasa bishiyoyi don wannan aiki daga awon da ya yi shekara da shekaru a kan waɗannan katakai suka fito.

Ƙa'ida ta farko takan ba mutane mamaki: shingen da ya fi aiki shi ne wanda rabinsa kafa ce. Idan aka gina katanga ƙiƙam, iska na dukanta ta haura, ta faɗo a bayanta tana juyi, ta tara ɗan tuli mai tsayi amma gajere, nan da nan wurin ya cika, sauran dusar ta riƙa bi ta kansa tana wucewa kamar ba a yi komai ba. Amma idan akwai tsagi tsakanin katako da katako, iskar na ratsawa ne a gajiye. Ta shiga da gudu ta fito da tafiya, kuma takan yi nisa kafin ta sake samun ƙarfinta. A duk tsawon wannan nisa tana sauke kayan da ta ɗauko. Wanda ya taɓa lura da yadda rairayi ke taruwa a bayan darni ko zana idan iska ta wuce ya riga ya san rabin wannan ilimi. Aikin shingen shi ne ya rage wa iska gudu, ya ba ta masauki tun kafin ta iso titi.

Ƙa'ida ta biyu ta tsayi ce. Tabler ya gano cewa idan aka ninka tsayin shinge, abin da zai riƙe yakan haura ninki huɗu. A lissafinsa, a shimfiɗaɗɗen fili, kowace mita ɗaya ta shinge mai tsayin mita 2 za ta iya riƙe kusan tan 40 na dusa kafin ta cika, mai tsayin mita 4 kuwa kusan tan 180. Shi ya sa dogon shinge guda ya fi gajeru uku ko huɗu da aka jera, ya kuma fi su araha. Kafin a yanke tsayin da ake buƙata, sai an auna yawan dusar da ke sauka a yankin da kuma faɗin filin da ke gaban iskar, domin daga nan take kwaso kayanta. Filin da ya wuce nisan kilomita 3 ba a cika damuwa da shi ba, saboda tsabar da ta taso daga can takan bi iska ta ɓace a matsayin tururi kafin ta iso.

Ƙa'ida ta uku ita ce mai jawo rigima, kuma a ganina ita ce zuciyar al'amarin gaba ɗaya. Tulin da ke taruwa a bayan shinge mai rabin kafa, idan ya cika, tsawonsa na kaiwa ninki 35 na tsayin shingen. Wato shinge mai tsayin mita 2 yana shimfiɗa harshen dusa har mita 70 a bayansa. Idan titi na cikin wannan mita 70 ɗin, to an yi gyaran gangar auzinawa: da hannunka ka gayyato dusar ka sauke ta a kan kwalta. An sha yin wannan kuskure, kuma har yau ana samun wuraren da layin itatuwa ko shingen gidan wani da ke daf da hanya shi ne musabbabin toshewarta duk shekara. Dole shinge ya ja baya, ya shiga can ciki ta ɓangaren da iska ke fitowa. Nan gaba za a ga abin da wannan ja da bayan ke haifarwa.

To me ya kawo bishiya cikin maganar katako? Dabarar ta girmi titin mota. Kamfanonin jirgin ƙasa ne suka fara ta, domin jirgi ba ya kauce wa tuli. A Japan, a 1893, an dasa itatuwa a gefen layin dogon da ya ratsa Noheji a lardin Aomori, bisa shawarar Honda Seiroku, masanin gandun daji da ya yi karatu a Jamus. Dajin yana nan har yau, ana kuma girmama shi a matsayin na farko irinsa a ƙasar. A Amurka kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern ya fara irin wannan dashe a Dakota ta Arewa a 1905. Daga baya, sakamakon fari da guguwar ƙurar da suka daki tsakiyar Amurka, gwamnatin Franklin Roosevelt ta dasa bishiyoyi kimanin miliyan 220 tsakanin 1935 da 1942, a layuka daga Dakota ta Arewa har Texas. Wannan don kare ƙasar noma aka yi, amma ya koya wa manoman yankin da hukumominsu wace bishiya ce ke jure iskar wurin, wace ce ba ta kai labari.

Fifikon bishiya a kan katako a bayyane yake. Katako na ruɓewa, iska na karya shi, bayan shekara ashirin da 'yan kai sai an sake. Bishiya kuwa kullum ƙara tsayi take yi, kuma tunda riƙon dusa na bin tsayi da ninki, layin da ya kai mita 6 ko 8 yakan iya ɗaukar fiye da duk abin da hunturun wurin zai kawo. Wannan na da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: idan shinge ya fi ƙarfin dusar da ke zuwa, tulin ba ya taɓa cika ya miƙe zuwa ninki 35 ɗin nan, yana nan takure a kusa da gindin itatuwan. Saboda haka a aikace ba a kai layin bishiya nisan da lissafin katako zai nuna. A shimfiɗaɗɗun filayen Amurka akan ja shi baya ne kamar mita 45 zuwa 75 daga tsakiyar titi, gwargwadon yanayin wurin. Ga kuma ribar gefe: tsuntsaye da ƙananan namun daji na samun mafaka, ƙasa ba ta zaizayewa, dusar da ta narke a gona ta zama damshi.

Akwai kuma maganar kuɗi da gishiri. A wani lissafi da hukumomin hanya a Amurka suka yi ta kafa hujja da shi tun farkon shekarun 1990, tare tan ɗaya na dusa da shinge bai wuce santi 3 na dalar Amurka ba, kwashe shi da mota kuwa dala 3 ne, wato ninki ɗari. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara shi ma ba ya tsayawa a titi. Yana bin ruwa ya shiga tafkuna da rijiyoyi, kuma ba ya fita. Hukumar kare muhalli ta jihar Minnesota takan tunatar da jama'a cewa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri ya isa ya gurɓata galan 5 na ruwa. Duk inda shinge ya hana dusa hawa kwalta, an rage gishiri.

Sai dai bishiya ba katako ba ce da za a yanka daidai awo. Kafarta na sauyawa da shekaru da kuma lokaci. Itacen da ke zubar da ganye a lokacin sanyi yakan zama tsirara daidai lokacin da ake buƙatarsa, sai dai idan mai yawan rassa ne. Shi ya sa aka fi son itatuwan da ba sa rabuwa da ganyensu, dangin sida da junifa, ko kuma gajerun itatuwa masu cunkoson rassa tun daga ƙasa. Gindin ne ma ya fi muhimmanci. Doguwar bishiya da ƙasanta ya zama fayau, iska na matsewa ta bi ta ƙarƙashi da ƙarin gudu, ta kwashe dusar ta kai ta gaba. Don haka akan haɗa layi biyu ko uku, dogaye da gajeru, a dasa su a karkace ta yadda kowace bishiya za ta toshe tazarar da ke tsakanin biyun da ke gabanta.

Giɓi shi ne babban abokin gaba. Bishiya biyu ko uku su mutu a jere, sai wurin ya zama mazurari, iska ta taru ta bi ta nan, ta shimfiɗa harshen dusa guda ɗaya a kan titi. Direba ya yi ta gudu a kan busasshiyar kwalta ya saki jiki, kwatsam ya faɗa kan santsi. Haka ma ƙarshen layi: iska na zagayowa ta gefe, kuma ba kullum take fitowa daga kusurwa ɗaya ba, don haka dole layin ya zarce wurin da ake son karewa ta kowane ɓangare da tazara mai yawa.

Sannan ga jira. Itacen sida da aka dasa yana ɗan tsiro zai ɗauki shekaru kafin ya yi wani abin a zo a gani, kuma a busassun wurare masu tsananin iska irin Wyoming jiran na iya wuce shekara goma. A cikin waɗannan shekaru sai an yi ban ruwa, a shimfiɗa leda ko wani yadi a gindi don hana ciyawa, a kare shi daga zomaye da bareyi da shanu, a maye gurbin wanda ya mutu. Sau da yawa akan kafa shingen katako na wucin gadi ya riƙe aikin, ya kuma kare 'yan tsiron, kafin su tasa. Masu bincike a kwalejin nazarin gandun daji da ke Syracuse a jihar New York sun rage wannan jira da wani gajeren itace mai saurin girma da ake kira wilo. Sandarsa kawai ake yankowa a soka a ƙasa kamar yadda ake dashen rogo, bayan shekara guda a sare shi daga gindi don ya fito da rassa da yawa, cikin shekara biyu zuwa uku ya fara tare dusa. Amma wilo na son damshi, ba ko'ina yake yi ba.

Mai karatu a Nijar zai iya tuna kwarin Majiya a yankin Buza na jihar Tawa, inda tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogonyaro bibbiyu, tazarar mita 100 tsakanin layi da layi, don kare gonakin gero daga iska. Ilimin iskar ɗaya ne, haka ma shingayen kaba da rassan da ake kafawa a kan tuddan rairayi a gabashin ƙasar. Bambanci ɗaya ne, amma babba: dusa na narkewa idan bazararsu ta zo, shinge ya wayi gari fanko, a shirye don wata shekara. Rairayi ba ya narkewa. Abin da shinge ya tara bana yana nan baɗi, wani ya hau kansa, har ya binne shingen in ba a samu tsiro ya kama tudun ba. Ta wannan fuskar masu fama da dusa sun fi masu fama da hamada sa'a.

Yanzu a dawo kan ja da bayan nan. Filin da gwamnati ta mallaka a gefen titi ba ya kai mita 60 ko 70 a mafi yawan wurare. Inda ya kamata a dasa bishiyar gonar wani ce, kuma a jihohi irin Minnesota da Iowa gona ce mai tsada, mai ba da masara da waken suya. Injiniya na ganin layi ɗaya a taswira. Manomi na ganin an yanka masa gona biyu: ga sashen da ya maƙale tsakanin bishiyoyi da titi, wanda manyan injinansa za su sha wahalar juyawa a ciki, ga inuwa da saiwoyi suna cin amfanin layukan da ke kusa. Saiwar wilo na iya shiga bututan da aka binne a ƙarƙashin gona don janye ruwa ta toshe su. Mafi ciwo, tulin dusar da aka sauke masa shi ne na ƙarshen narkewa, wurin ya daɗe yana caɓi, makwabta su gama shuka shi yana jira, a ƙasar da lokacin noma gajere ne. Ribar kuma ta masu wucewa ce, waɗanda bai sani ba, ba su san shi ba. Ni dai ban ga laifin wanda ya ce a kai kasuwa ba.

Hukumar sufuri ta Minnesota ta ƙididdige wurare kusan 3,700 a hanyoyinta da iska ke tara dusa, kuma ƙalilan ne daga ciki aka yi wa shinge. Ilimin dasawa ba shi ya hana ba, samun yardar masu gona ne. Abin da ake yi shi ne biya: hukumar hanya ta ɗauki nauyin dashe da kula, ta riƙa ba mai gona kuɗi duk shekara, wani lokaci a haɗa da shirin ma'aikatar noma ta tarayya da ke biyan haya na shekara 10 zuwa 15 ga wanda ya ware wani yanki na gonarsa don kare muhalli. Matsalar ita ce farashin masara na hawa da sauka, yarjejeniya kuwa tana nan yadda aka sa hannu. Shekarar da masara ta yi daraja, kuɗin hayar sai ya zama abin dariya. Ga shi kuma yawancin gonaki haya ake nomawa, mai ƙasa daban, mai noma daban, kowa da lissafinsa.

Japan, da ba ta da filin yin irin wannan ja da baya, ta bi wata hanya. A Hokkaido akan sayi tsiri a gefen titi a dasa daji mai kauri, layuka da yawa, ta yadda dusar za ta sauka a gabansa da cikinsa maimakon ta miƙe a bayansa. Yana aiki, amma yana buƙatar a riƙa rage itatuwan lokaci-lokaci, in ba haka ba rassan ƙasa su bushe saboda rashin haske, gindin ya buɗe.

Zaɓin iri ma ya taɓa juyowa ya ciji masu shi. Jan itacen sida na gabashin Amurka, wanda aka yi shekaru ana raba wa manoma saboda juriyarsa, tsuntsaye sun ci 'ya'yansa sun watsa irin ko'ina. A yau a jihar Nebraska yana mamaye filayen kiwo, makiyaya na kashe kuɗi wajen sarewa da ƙona itacen da kakanninsu suka dasa da hannunsu.

Saboda duk wannan ne aka fito da wata dabara ta tsaka-tsaki da manoma suka fi karɓa. Lokacin girbi, sai hukuma ta biya manomi ya bar wasu layukan masara a tsaye ba tare da ya yanke ba, kamar mita 60 daga titi. Karan masara dogo ne, yana da kafa daidai yadda ake so, ba a jira shekara ko ɗaya, kuma babu saiwar da za ta zauna a gonar. Wani lokaci ƙungiyoyin matasa na ƙauyen kan zo su karye zangarniyar da hannu su bar karan, su sami na ƙungiya. Wasu manoman kuma dunƙulen harawa suke jerawa a gefen gonar a biya su. Yarjejeniyar ta hunturu ɗaya ce, kowa na iya fita idan bai ji daɗi ba. Sai dai manoman yankin juya shuka suke yi: inda aka shuka masara bana, baɗi waken suya za a zuba. Shi kuwa gajere ne, ana girbe shi har ƙasa, sai ma'aikacin hukumar ya sake ɗaukar motarsa ya bi gida-gida yana tambayar wa zai shuka masara a bakin wannan kwanar.